Sallar da Aka Yi wa Yaya Sule da Ransa

Na daɗe ina jin yadda kuke faɗin sunan kawunku Sule, da 'yar dariyar nan da kuke ƙunshewa a baki. Ba ku san shi ba, ko babbarku ba a haifa ba ya bar duniya, amma kun gaji sunan da 'yan unguwa suka laƙaba masa, wai Sule Mai Makara, kun kuma gaji labarin yadda 'yan zaman dakali suka ƙera shi. Wai ya kwanta cikin likkafani yana dariya ubansa na yi masa salla, don ya burge Bature. Ranar da na ji maganar nan a bakin jikata, yarinyar da ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa ba, kasa cin tuwo na yi. Duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Tun da Allah ya sa na koyi rubutun boko da girmana a ajin yaƙi da jahilci, to bari in rubuta. Wanda ya ga dama ya karanta, wanda bai ga dama ba ya ci gaba da dariyarsa.

Gidanmu a Mandawari yake, jikin masallacin unguwa, kuma Baba, wato kakanku Malam Inuwa, shi ne liman. Yaya Sule ne ɗan fari, ni nake bi masa. Ku 'yan yanzu da kuke ɗora 'ya'yanku na fari a cinya gaban surukai ba za ku gane irin alkunyar wancan zamani ba. Ban taɓa jin Baba ya kira sunansa ba, sai dai "kai" ko "yaron nan". Inna kuwa ko kwano ba ta miƙa masa hannu da hannu, sai ta ajiye ta ce da ni, "Rabi, ga na wancan." Ba ƙi ba ne, haka aka tarar. Da mai unguwa ya zo ya ce an nemi yara daga manyan gidaje a sa su makarantar boko ta kwana da ke bayan ganuwa, wasu suka ɓoye nasu suka ba da 'ya'yan barori. Baba kuwa Yaya ya bayar, don kada a ce ya nuna ƙulafucin ɗan fari. Bai raka shi ko bakin zaure ba.

Yaya ya yi ƙoƙari a makarantar nan har abin ya so ya yi yawa. A shekarar da nake ba ku labari ya zama saurayi, gemu ya fara tsiro masa, kuma an kawo musu wani Bature mai koyar da Turanci, wanda yara suka sa wa suna Mai Lofe saboda lofen tabarsa. Shi ba ruwansa da Turancin aikin ofis. Tsofaffin littattafan ƙasarsu yake ɗauko musu, masu wani irin Turanci da ko Turawan kansu sai sun yi da gaske suke ganewa. Ranar Juma'a in an sake su sun zo gida, sai Yaya ya tsaya a bakin rijiya ina jan ruwa, ya yi ta rero mini baitoci yana ɗaga hannu, ni kuwa in ce masa kamar mai kurkure baki. Ya ce mini a zamanin da, kafin Turawa su san jirgi, majemansu da maƙeransu da masaƙansu su ne ke yin waɗannan wasanni a kan amalanke, unguwa unguwa, don a tuna wa mutane lahira.

"Ashe tashe ne," na ce.

"Tashe ne, amma ba a dariya," in ji shi.

Wasan da Mai Lofe ya zaɓa musu na ƙarshen zango labarin wani attajiri ne mai fataucin gashin tumaki, wanda ya mutu maƙwabta suka ɗauke shi za su kai. Ana cikin tafiya sai ya tashi zaune, ya roƙe su su mai da shi ƙofar gida, akwai wanda bai nemi gafararsa ba. Suka ce masa hanyar nan ba a juyawa. Yaya aka ba attajirin, don duk ajin babu mai riƙe dogayen baitocin nan kamarsa. Abin da ya dame shi ɗaya ne. Mai Lofe ya kawo wani tsohon ƙyaure da zanen gado ya ce su ne makara da likkafani.

"Ki ji fa, Rabi," ya ce mini. "Ƙyaure! Ƙafafuna a waje suna reto. Ni ɗan liman, a gaban manyan gari, a ɗauke ni yadda ko akuya ba a ɗauka? In za a yi abu a yi shi daidai."

To wannan "daidai" ita ta kashe mu. Ya sayi alawayyo ya yanka yadda ya saba ganin Baba na yankawa. Ya je wurin ladanin masallacinmu, Malam Audu, tsoho ne mai son sa tun yana rarrafe, ya roƙe shi aron makarar unguwa don gwaji na ƙarshe. Malam Audu ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya yarda, amma ya ce lalle a dawo da ita kafin magariba, makara ba ta kwana a waje. Da rana tsaka, lokacin da kowa ya shige inuwa, suka fitar da ita babu wanda ya gani.

Wata Alhamis ce cikin bazara. Sun gama gwaji, Mai Lofe ya yaba da komai, sai dai ya yi wa masu ɗauka faɗa, ya ce ƙafarsu ba ta tafiya tare, suna karkata gawar. Da suka taso za su dawo da makarar bayan la'asar, suka ga hanyar bayan ganuwa fayau babu kowa, sai Garba, abokin Yaya, ya ce ai ga wurin gwaji. Suka sake naɗe Yaya, suka ɗaure kai da ƙafa, suka rufe fuska, suka saɓa. Niyyarsu kafin su kai Ƙofar Dawanau su sauke shi. Tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Suna shan kwana sai ga ayarin mutane sun taso daga gona da masu jakuna. Kun san al'ada, duk wanda ya gamu da gawa zai ajiye abin da ke hannunsa ya karɓa, ko taku kaɗan ne, don neman lada. Kafin yaran nan su buɗe baki, manya sun sa kafaɗa sun ture su gefe. Garba ya ruga gaba yana cewa ku tsaya, wasa ne. Wani dattijo ya sharara masa mari.

"Ana ɗauke da bawan Allah kana maganar wasa? Abin da ake koya muku ke nan?"

Sauran yaran da suka ga haka suka cika wandonsu da iska. Mutane suka ga kayan makaranta a jikin Garba, suka ga makarar ta fito daga wajen makaranta, wani kuma ya gane shi abokin ɗan liman ne na Mandawari. Shi ke nan, lissafi ya fita da kansa. Ɗan Malam Inuwa ya rasu a makaranta, an yi masa sutura an kawo shi gida. Makara ta shigo gari tana wucewa daga kafaɗa zuwa kafaɗa, kowane lungu sai an ƙaru, masu shago suna miƙewa tsaye, Garba na biye a baya yana kuka da gaske, wanda hakan ya ƙara tabbatar wa kowa.

Labari ya riga gawa isowa. Inna na tankaɗe a tsakar gida wata maƙwabciya ta faɗo tana salati. Mata suka ɓarke da kuka, ni na zube a ƙasa. Inna ba ta ɗago ba. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane. Ta ci gaba da kaɗa rariya, garin yana zuba a ƙasa gefen faifai, ita ba ta ma sani ba. Na tashi na ruga soro na manna idona a tsagar ƙofa. An ajiye makarar a ƙofar gida, titi ya cika maƙil. Baba ya fito daga masallaci da carbinsa. Da ɗan wani ne, na san zai buɗe fuska, zai tambayi wa ya yi wankan, ciwon me ya yi, kamar yadda yake yi wa kowa. Amma ɗansa ne na fari, ga idon jama'a. Bai matsa kusa ba, bai tambayi kowa komai ba. Dama shi mutum ne da ba ya barin gawa ta jira, ga rana ta yi ƙasa. Ya yi istirja'i a hankali, ya dubi mutane.

"A tsayar da sahu," ya ce.

Ya yi kabbara huɗu muryarsa ko rawa ba ta yi ba, ya yi sallama. Mutane suka sunkuya za su ɗauka, sai likkafani ya motsa. Yaya ya yunƙura ya tashi zaune, hannayensa a naɗe, ƙyallen fuska ya zame, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

"Baba," ya ce.

Ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Manyan mutane da rawunansu suka tattake juna, takalma da huluna suka cika titi, wani tsoho ya faɗa kwata ya karya ƙugu, bai sake tafiya da ƙafarsa ba. Baba kaɗai ya rage tsaye inda yake. Ya dubi Yaya ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, har Garba ya zo yana kwance igiya yana ba da labari cikin kuka. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya ya shiga masallaci, don an kusa kiran magariba.

Bayan salla dattawan unguwa suka taru a zaurenmu, ina jin su ta bayan ƙofa. Wasu na cewa izgili ne da addini, wasu na cewa yarinta ce. Wani ya ce abin da ya fi ciwo shi ne a ce limamin Mandawari ya yi wa rayayye salla a wasan Nasara, gobe duk birni sai an ji. Malam Audu yana ta cewa laifinsa ne, a hukunta shi. Baba ya bari kowa ya gama.

"Ni na yi wa ɗana salla a gaban jama'a," ya ce. "Ba a yi wa mutum salla kuma a kai masa tuwo. Wanda ke tsaye a waje ya nemi inda zai nufa."

Tun daga ranar aka daina ajiye kwanon Yaya. Inna ta ci gaba da zuba tuwon yadda ta saba, hannunta ya riga ya san awo, kullum sai an yi ragowa, kullum sai ta ce in kai wa maƙwabta. Sahun masallacinmu ya ragu, mutane da dama suka koma bin wani liman. In Yaya ya shigo gari yara na bin sa da jifa suna kiran fatalwa. Mai Lofe ya zo da kansa tare da mai unguwa, ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya ba da haƙuri da irin Hausarsu ta littafi. Baba ya sa aka kawo masa ruwa da goro, ya ce ba komai, Allah ya ji ƙan yaron. Bature ya tafi yana murmushi, a zatonsa an shirya.

Sai gidan Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Dukawuya, ya zama wurin saukar Yaya ranar Juma'a, ni kuma nake ƙirƙiro aike in je. Ranar farko ban ko gaishe shi ba, na hau shi da faɗa. Na ce tun daga Ƙofar Dawanau har Mandawari, ba ka da baki? Ba ka da ƙafar da za ka motsa? Ya ce da fari tsoro ne ya kama shi, ya ji muryoyin manya, ya ce bari su sauke shi tukuna, in ya motsa a sama za su yar da shi. Daga baya zafi da ƙyalle suka sa numfashinsa ya yi sama, bai san inda yake ba, sai da ya ji an ajiye shi.

"To da aka ajiye ka fa?" na ce. "Ai ka ji muryar Baba."



"Na ji, Rabi. Na farka sarai. Na buɗe baki zan yi magana, sai zuciyata ta ce dakata kaɗan, ka ji abin da zai ce a kanka. Ko kalma ɗaya ce. Na ce in ya kira sunana, ko ya ce a buɗe ya gani, sai in tashi. Ina jira sai na ji kabbara. Daga nan kuma na san ba a katse salla."

Wannan ita ce dariyar da aka ce ya yi cikin likkafani. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don lokacin gani nake tona asirin gida ne, yanzu kuwa babu sauran wanda zan rufa wa.

Malam Audu bai haƙura ba. Ya yi ta sintiri tsakanin zaurenmu da Dukawuya da sandarsa, har ya samo wata 'yar ƙofa. Ya ce ya lura da Baba, in dai yaron bai sake kwanciya a wasan nan ba, aka bari ƙura ta lafa har bayan azumi, shi zai kamo hannunsa ya kawo shi ranar salla, kuma yana da yaƙinin ba za a kore su ba. Goggo ta ce alhamdu lillahi. Ni har na fara murna. Yaya ya ce a'a.

"In na ƙi yi, na yarda ke nan izgili ne," ya ce. "Wallahi Baba Audu, abin da ke cikin wasan nan shi Baba ke faɗa a bakin kabari. Ya zo ya ji da kunnensa, in ya ji saɓo a ciki ya tsine mini."

"Yaro," in ji Malam Audu, "ba gaskiya ake nema a wurinka ba yanzu, sunkuyar da kai ake nema."

Na roƙe shi, na zage shi, na ce Turancin nan ne ya haife ka? Bai ji ba. Har ya sa aka ajiye kujera a sahun gaba, ya aika Malam Audu ya gaya wa Baba. Aka yi wasa a kan ƙyaure da zanen gado, yadda Bature ya so tun farko. Garba ya ce mini da Yaya ya tashi zaune yana roƙon a mai da shi ƙofar gida, ɗakin nan ya yi tsit, har waɗanda ba su jin Turanci sun sunkuyar da kai, Mai Lofe ya cire lofensa daga baki ya manta da shi a hannu. Garba ya ce ba a taɓa yin irinsa a makarantar ba. Kujerar dai babu wanda ya zauna a kai. Washegari magana ta zaga Mandawari cewa ɗan liman ya sake. Aka yi azumi aka yi salla, Malam Audu bai kawo kowa ba.

Har yau haushin su biyun nake ji. Kansu ɗaya ne, kamar an tsaga kara, kowa na jiran ɗaya ya fara takowa, ni da Inna muna tsakiya. Kuma ina so ku sani kakanku ba mugu ba ne. Sau da yawa in na dawo daga Dukawuya zan tarar da shi a zaure da littafi a buɗe, ya dube ni kamar zai yi tambaya, sai ya ce, "Goggon taki lafiya?" In ce lafiya. Ya ce, "Da mutanen gidan duka?" In ce duka. Sai ya mai da kai kan littafinsa.

Da bazara ta zagayo, sanƙarau ya shigo gari. Ya shiga makarantar su Yaya ya ɗebi yara, shi ma yana ciki. Ba mu ma ji ya kwanta ba, sai wata rana da hantsi muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida, ga Garba, ga wani malaminsu Bahaushe, ga Yaya a baya an lulluɓe shi da bargo. Ba a yi masa wanka ba, malamin ya ce sun ga ya fi dacewa a kawo shi gida. Mutane suka taru, amma wannan karon nesa-nesa suka tsaya, kowa na jiran ya ji abin da liman zai ce. Ni kaina na ɗauka zai ce an riga an yi masa salla. Baba ya fito ya je har jikin motar, ya ɗaga bargon da hannunsa ya duba.

"A shigo da shi," ya ce. "Ni zan yi."

Aka kwantar da shi a ɗakin soro. Malam Audu ya miƙe zai taya wankan, Baba ya ce ya jira a waje, ya saki asabari. Inna ta ɗora ruwa, ta zuba a tulu, ta ce in kai bakin ƙofa. Na je na tsaya ina jiran a ce in ajiye. Hantsi ya wuce, rana ta take, aka kira azahar, Malam Audu ya ja mutane salla. Masu haƙa suka aiko an daɗe da gama kabari. Ruwan ya huce a kaina, ban ji motsin komai a ɗakin ba. Can sai na ji muryar Baba ƙasa-ƙasa, irin wadda ake lallashin yaro da ita.

"Kai. Babu kowa, ni kaɗai ne. In wasan ne, ya isa haka. Tashi mu shiga ciki, uwarka ta yi tuwo."

Ya yi shiru yana jira. Ni ma na tsaya ina jira, wallahi da zuciya ɗaya nake jira, har wuyana ya ƙage. Ya sake cewa tashi, ya sake yin shiru, ya daɗe fiye da na farko.

Daga nan ya ce, "Rabi, ajiye ruwan ki tafi."